Hughie Gallacher, gajeren da ya ɗauko wa Newcastle kofin lig na ƙarshe

Wani ƙanena a harkar tamaula, mai goyon bayan Newcastle United, ya aiko mini da tambaya bayan ƙungiyarsa ta doke Liverpool da ci 2-1 a Wembley a watan Maris na 2025 ta ɗauki kofin Carabao. Ya ce yana cikin murna a gidan kallo wani ɗan adawa ya yi masa gori, wai rabon Newcastle da kofin lig na babban rukunin Ingila tun 1927, kuma a cikin wannan musun ne ya fara jin sunan kyaftin ɗinta na wancan lokacin, wani ɗan Skotland mai suna Hughie Gallacher. Tambayar tasa kashi biyu ce. Shin mutumin gwani ne da gaske, ko kuwa ƙwallon wancan zamanin ce wasan yara, kowa ya shiga fili sai ya ci? In kuma gwanin ne, me ya sa aka ce ya mutu ba shi da ko sisi?

Gorin da aka yi maka gaskiya ne, ƙanena, sai dai haƙuri. Gallacher kuwa gwani ne, kuma akwai hanyar tabbatar da haka ba sai mun dogara da yabon tsofaffin Newcastle ba. Zan kawo ta. Amma kashi na biyu na tambayarka ya fi cin raina, don a nan ne za ka ga yadda sana'ar ƙwallo take kafin zamanin wakilan 'yan wasa da kuɗin talabijin.

An haife shi ranar 2 ga Fabrairu, 1903, a Bellshill, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal da ke gabas da Glasgow. Garin ba shi da girma, amma ka dubi abin da ya fitar: Alex James, wanda daga baya ya zama ƙwaƙwalwar Arsenal, abokin Gallacher ne tun suna makaranta, kuma Matt Busby, wanda ya gina Manchester United, a wannan yankin aka haife shi a 1909. Yaro a Bellshill ba shi da zaɓi mai yawa. Gallacher yana ɗan shekara 15 ya shiga ramin kwal na Hattonrigg, awa goma a ƙarƙashin ƙasa, in ya fito ya wanke baƙin jikinsa ya tafi fili. Ya buga wa ƙananan ƙungiyoyin yankin, har ya kai Bellshill Athletic. Kada ka ɗauka ƙwallon yara ce ake yi a irin waɗannan ƙungiyoyi. Magidanta ne majiya ƙarfi, 'yan rami da 'yan masana'antar ƙarfe, kuma yaro mai tsawon ƙafa 5 da inci 5, wato mita 1.65, in bai koyi yadda zai kare kansa ba, ranar farko za a ɗauke shi ranga-ranga. Tsawonsa ke nan har ya mutu.

Akwai kuma gadon da ya taras. Tun wasan ƙasa da ƙasa na farko a duniya, wanda Skotland da Ingila suka tashi ba ci a Glasgow ranar 30 ga Nuwamba, 1872, an san 'yan Skotland da ƙwallon ba-ni-in-ba-ka a ƙasa, lokacin da 'yan Ingila suka fi son mutum ya ɗauki ƙwallo ya yi ta kutsawa shi kaɗai. Ingila ta halatta biyan ɗan wasa albashi a 1885, Skotland sai 1893, don haka hanya ta buɗe tun da wuri: gwani ya taso a arewa, kuɗi su ja shi kudu. Lokacin da aka kafa Liverpool a 1892, kusan duk 'yan wasanta daga Skotland aka kwaso su. Newcastle ɗin taka ma da ta ci lig a 1905 da 1907 da 1909, 'yan Skotland irin su Peter McWilliam da gola Jimmy Lawrence suna cikin ƙashin bayanta. Gallacher tsohuwar hanya ya bi.

Ya fara cin kuɗin ƙwallo a Queen of the South da ke Dumfries a farkon 1921, ya ci ƙwallo 19 a wasa 9. Ban cika kafa hujja da wannan adadin ba, don a lokacin ƙungiyar ba ta shiga gasar lig ba tukuna. Ciwon namoniya ya kwantar da shi a asibiti har aka fara fid da rai, yana farfaɗowa Airdrieonians ta ɗauke shi. A Airdrie ne hujjar take. Ƙaramar ƙungiya ce, a ƙasar da Rangers da Celtic suka mamaye komai, amma da Gallacher a gaba ta zo ta biyu a lig kaka uku a jere tana bin Rangers, kuma a 1924 ta doke Hibernian 2-0 a filin Ibrox ta ɗauki Kofin Skotland, wanda shi ne karo ɗaya tilo a tarihinta. Ya ci mata ƙwallo 91 a wasan lig 111. A watan Afrilu na 1925 Skotland ta doke Ingila 2-0 a Hampden, duka biyun shi ya jefa.

Ka riƙe waɗannan shekarun a ranka, 1921 zuwa 1925, don su ne amsar masu cewa ƙwallon da ta fi sauƙi. Ga dalili.

Masu wannan magana ba su rasa abin kamawa ba. A 1925 an canza dokar satar gida. Kafin nan, in za a ba ka ƙwallo, dole ya kasance akwai abokan hamayya uku tsakaninka da layin raga, gola da wasu biyu. To a lokacin 'yan baya biyu kawai ake sakawa, uku a tsakiya, biyar a gaba. Ka ga abin da wannan ke nufi: ɗan baya ɗaya ya tsaya can baya yana gadi, ɗayan ya yi taku biyu gaba daidai lokacin da za a ba da ƙwallo, shi ke nan, saura mutum biyu a gabanka, alƙalin wasa ya hura. Tarkon ba shi da haɗari ko kaɗan, don ko an kuskure akwai mai gadi a baya. Wanda ya fi kowa ƙwarewa a wannan tarko shi ne Bill McCracken, ɗan bayan Newcastle, shi da abokinsa Frank Hudspeth. Wasa ya koma hura usur, 'yan kallo suka fara gajiya. Sai aka rage adadin daga uku zuwa biyu, kamar yadda ka san dokar a yau. A kakar 1924-25 an ci ƙwallo 1,192 a babban rukunin Ingila. Kaka ɗaya bayan canjin aka ci 1,703. 'Yan baya suka rasa inda za su sa kansu. A wannan ruɗanin ne George Camsell ya ci wa Middlesbrough 59 a rukuni na biyu, Dixie Dean na Everton ya ci 60 a 1927-28, adadin da har yau ba a kamo ba.

Gallacher ya iso Newcastle a watan Disamba na 1925, wata shida bayan canjin, a kan fam 6,500. Don haka wanda ya ce ya shigo kasuwa ranar da take ci, bai yi ƙarya ba. Amma mafi yawan ƙwallayensa na Airdrie a ƙarƙashin tsohuwar dokar ya ci su, lokacin da tarkon ke aiki. Bayan haka kuma ƙungiyoyi sun samo magani. Arsenal ta sha 7-0 a hannun Newcastle a watan Oktoba na 1925, kafin zuwan Gallacher, kuma daga wannan dukan ne manajan Arsenal Herbert Chapman ya fara janyo ɗan tsakiya ya mai da shi ɗan baya na uku, ƙato wanda aikinsa kawai ya manne wa mai cin ƙwallo. Zuwa shekarun 1930 kusan kowa ya kwaikwaya. A wannan zamanin na ƙatti masu gadi, gajeren nan ya ci wa Chelsea 81 a wasa 144, ya ci wa Derby County 38 a wasan lig 51 yana da shekara talatin da 'yan kai. Ya ci kafin a buɗe ƙofa, ya ci da aka buɗe, ya ci bayan an sake rufewa. Ni wannan ce ma'aunina, ba tsohon fim mai rawa da ake gani mutane suna gudu kamar an sa musu batir ba.

An ce ranar da ya fara fitowa a St James' Park, filin Newcastle, 12 ga Disamba, 1925, 'yan kallo sun yi tsit da suka ga ƙanƙantar wanda aka kashe wa wannan kuɗin. Everton ce ta zo. Aka tashi 3-3, Dean ya ci uku rigis, Gallacher ya ci biyu. Kafin kakar ta ƙare ya ci 23 a wasan lig 19. Kaka ta gaba aka ba shi kyaftin yana ɗan shekara 23, ya ci 36 a wasan lig 38, Newcastle ta gama da maki 56, biyar a gaban Huddersfield Town wadda ta ci kofin sau uku a jere kafin nan. Nasara maki biyu ce a lokacin, don haka tazarar biyar ba ƙarama ba ce. Har yau babu ɗan Newcastle da ya ci 36 a lig a kaka ɗaya, har da Alan Shearer, har da Andy Cole. Gaba ɗaya ya ci mata 143 a wasa 174. Shearer ya fi shi yawa da 206, amma a wasanni sama da 400.

Ka kuma tuna su wane ne ke cika filin. A 1926 aka yi yajin aikin gama-gari a Birtaniya, masu haƙar kwal suka shafe wata bakwai ba albashi, kuma arewa maso gabashin Ingila ƙasar kwal ce da ƙera jiragen ruwa. Mutanen da ke tsaye a St James' Park sun san wanda ke sanye da rigarsu daga rami ya fito kamar su. Son da suka yi masa ya wuce na ƙwallo. Wani abin da mutane ke kuskurewa: ana lissafa shi cikin manyan masu lamba 9 na Newcastle, jerin da Obafemi Martins ya shiga a 2006, alhali bai taɓa sa lambar a can ba, don ba a fara sa lamba a riguna a gasar lig ba sai 1939. Matsayin ya riƙe, rigar kuwa bayanta fayau.

Yanzu ka zo mu shiga filin tare, wata ranar Asabar a watan Janairu. Tsakiyar fili ya zama caɓi, ciyawa sai a gefe. Ƙwallon ta fata ce mai igiya a baki, ta sha ruwa ta yi nauyi, in ka sa mata kai ta wajen igiyar sai ta tsaga maka goshi. Takalmin ya rufe idon sawu, bakinsa da tauri kamar ƙofato. Babu canji: ba a yarda da sauya ɗan wasa a lig ɗin Ingila ba sai 1965, don haka in aka ji maka ciwo, ko ka fita ku rage goma, ko ka koma gefe kana ɗingishi. Babu katin gargaɗi, babu jan kati, waɗannan sai 1970. Ana iya kora, amma sai abin ya yi muni ƙwarai. Ɗan baya ya san hanya mafi sauƙi ta tsayar da mai yanka ita ce ya bi ta ƙwaurinsa tun minti biyar na farko. Gallacher yakan cusa auduga a ƙarƙashin kariyar ƙwaurinsa, kuma abokan wasansa sun ba da labarin ƙafafunsa bayan wasa, duk tabo da shatar ƙusa. A haka yake karɓar ƙwallo ya ba raga baya, ya tokare ƙato da ƙugu, ya juya a ɗan taƙi, ya buga da kowace ƙafa. Yana kuma tashi sama ya ci da ka, abin da ya fi ba mutane mamaki ga mai irin tsawonsa.

Sai dai bai iya shan duka ya yi shiru ba. Yana ramawa, da ƙafa da baki. Yakan yi ta zagin mai gadinsa har ya fusata shi, yakan yi wa alƙalin wasa tsiwa, yakan yi wa nasa abokan faɗa in suka ɓata masa ƙwallo. A ranar ƙarshe ta 1927, a wasa da Huddersfield, ya yi ta neman fenareti alƙali Bert Fogg yana hana shi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ya bi alƙalin har ɗakin canza kaya, ya yi masa ba'a da sunansa, wanda ya yi kama da kalmar hazo a Turanci, wai yini ya yi a cikin hazo bai ga komai ba, sannan ya same shi a sunkuye ya hankaɗa shi cikin kwamin wanka. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wata biyu. A wani rangadi da Newcastle ta yi a Turai a 1929 an zarge shi da shiga fili a buge, ya ce shi kurkure baki kawai ya yi da wiski da ruwa, aka kuma karɓi uzurin. Kai ma ka auna.

Daga waccan dakatarwar ta wata biyu kusan kai tsaye ya wuce wasan da ya fi kowanne suna a tarihin Skotland, wanda ta buga da Ingila ranar 31 ga Maris, 1928, a Wembley. Abin dariya, wasan neman tsira daga zama na ƙarshe ne a gasar ƙasashen Birtaniya huɗu, don Wales ta riga ta ɗauke kofin. Jaridun Skotland sun yi ca a kan masu zaɓe: takwas daga cikin sha ɗayan a lig ɗin Ingila suke wasa, 'yan gaban duk ƙanana ne, an kuma bar Jimmy McGrory na Celtic a gida, wanda bai daɗe da cin ƙwallo takwas a wasa ɗaya ba, aka ɗauki mutumin da ya yi wata biyu bai taɓa ƙwallo ba. An ce a daren wasan kyaftin Jimmy McMullan ya gaya wa yaransa su je su kwanta su roƙi ruwan sama. Da safe kuwa aka tashi da ruwa. A jiƙaƙƙen fili ƙattin Ingila suka yi ta santsi, su Alan Morton da Alex James da Jimmy Dunn suna zagaya su da gajerun fas. Minti uku da farawa Morton ya kwaso daga hagu, Alex Jackson ya sa kai. Aka tashi 5-1, Jackson uku, James biyu.

Gallacher bai ci ko ɗaya ba a ranar, kuma ni a wurina wannan wasan ya fi wasu da ya ci uku bayyana shi. Shi ne ya yi ta jan masu gadi yana fita da su daga gurbinsu, yana karɓar duka, yana ajiye wa James da Jackson hanya. Mai son kansa kawai ba ya yin wannan aikin.

A rigar ƙasa ya ci 24 a wasa 20, ciki har da biyar a wasa ɗaya, ranar da suka doke Ailan ta Arewa 7-3 a Belfast a 1929. Denis Law da Kenny Dalglish ne kaɗai suka fi shi, kowannensu 30, Law a wasa 55, Dalglish a wasa 102. McGrory kuwa, mutumin da ya ci sama da 400 a lig, sau bakwai kacal ya buga wa Skotland, kuma babban dalili shi ne gurbin na Gallacher ne. In kana mamakin me ya sa ba ka taɓa jin sunansa a tarihin Kofin Duniya ba, hukumomin ƙwallon Birtaniya sun fice daga FIFA a 1928 kan rigimar biyan 'yan wasan sa-kai, ba su dawo ba sai 1946. Kofin Duniya na 1930 da 1934 da 1938 duk an yi su ba da su ba. Kofin zakarun Turai sai 1955, Ballon d'Or sai 1956. Wasa uku a shekara da maƙwabta, kusan shi ne iyakar dandalinsa.

To mu zo maganar kuɗi.

A 1930 Newcastle na fafutukar kada ta faɗa rukuni na biyu. A watan Afrilu wasanta da Arsenal ya faɗo rana ɗaya da wasan Skotland da Ingila, Gallacher ya zaɓi ya tsaya wa ƙungiyarsa. Ta tsira. Wata ɗaya bayan haka ta sayar da shi ga Chelsea a kan fam 10,000, ba da son ransa ba. Ba sa ga-maciji da sabon manaja Andy Cunningham, shi ma ɗan Skotland, shugabanni kuma sun gaji da rigimarsa, ga kuɗi a kan tebur. Ranar 3 ga Satumba, 1930, Chelsea ta zo St James' Park da shi a cikin 'yan wasanta. Ranar Laraba ce, ranar aiki, amma mutum 68,386 suka shiga, wasu dubbai suka tsaya a waje, wasu a kan bishiyoyi da rufin gidaje. Sun zo ganin ɗan wasan abokan hamayya ne. Har yau wannan ne taro mafi girma a tarihin filin, kuma da yake yanzu kujeru kusan 52,000 yake ɗauka, ba mai karya shi sai an faɗaɗa ginin. Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya bi wannan hanyar a juye a 2005, daga Chelsea zuwa Newcastle.

Nawa Gallacher ya samu daga wannan taron? Albashinsa na mako, kamar kowa. A lig ɗin Ingila akwai dokar ƙayyade albashi tun 1901. A zamaninsa iyakar abin da ƙungiya za ta biya ɗan wasa fam 8 ne a mako lokacin kaka, fam 6 lokacin hutu, da ladan fam 2 in an yi nasara, fam 1 in an yi canjaras. Wanda ya ci 36 da ɗan bayan da bai taɓa tsallaka tsakiyar fili ba, in duk sun kai ƙololuwa, kuɗinsu ɗaya. In ka cire lada, bai kai fam 400 a shekara ba. Ka lissafa: kuɗin da Chelsea ta biya a kansa ya kai albashinsa na shekara 25. Kuɗin sa hannu da doka ta yarda a ba ɗan wasa in ya koma sabuwar ƙungiya fam 10 ne. Sau shida aka sayar da shi daga Airdrie zuwa ƙarshe, jimillar kuɗin fam 22,750. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kuma zai iya cewa ya tafi inda za a fi biyansa ba. Akwai wani tsari tun 1893 wanda ya ba ƙungiya ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. In ta ce ba ta sayarwa, ba inda za ka. In ka ƙi sa hannu a kan abin da ta ba ka, ka zauna a gida ba albashi, ba kuma ƙungiyar lig da za ta taɓa ka. In ta ce ta sayar, ko ka bi ko ka bar sana'ar. Dokar albashin ba ta faɗi ba sai Janairun 1961, da Jimmy Hill ya jagoranci ƙungiyar 'yan wasa suka yi barazanar yajin aiki, nan take Fulham ta mai da Johnny Haynes mai fam 100 a mako. Tsarin riƙe rajista kuwa George Eastham ne ya kai shi kotu ya yi nasara a 1963, kuma ƙungiyar da ya kai ƙara ita ce Newcastle. Duka biyun Gallacher bai gan su ba.

Amma zan yi maka ƙarya in na ɗora komai a kan tsari. Fam 8 a mako ya ninka abin da mai haƙar kwal ke samu wajen sau uku, kuma akwai 'yan wasan zamaninsa da suka tattala suka buɗe shago ko gidan saukar baƙi. Masu wayo sun san ta inda ake zagaye dokar. Abokinsa Alex James da zai koma Arsenal a 1929 sai da aka haɗa masa da wani aiki a babban kantin Selfridges na Landan, yana nuna kayan wasanni ana biyansa daban. Gallacher ba shi da wannan lissafin. Mutum ne mai son ado, kwat ɗinki na musamman, malafa mai faɗi, fararen mayafan takalmi, ya shiga mashaya ya saya wa kowa. Newcastle ta ɗauke shi kamar sarki, Landan kuma ta fi Newcastle wuraren kashe kuɗi. Giya ta zauna masa.

Sai maganar aure, wadda ita ta karya shi. Ya yi auren fari yana ɗan shekara 17, shi Furotesta, ita 'yar Katolika, a yammacin Skotland inda wannan bambancin ke raba dangi. Auren bai je ko'ina ba, suka rabu, amma a dokar Birtaniya ta lokacin kashe aure sai kotu, da lauyoyi, da shekaru. A Newcastle ya haɗu da wadda yake so, 'yar mai wata mashaya, ya yi shekaru yana neman takardar da za ta ba shi damar aurenta. Ya samu a 1934, ya aure ta, amma shari'ar ta cinye dubban fam, a shekarar kuma kotu ta tabbatar ya karye, bashi ya fi ƙarfin abin hannunsa. Kyaftin ɗin da ya ci lig shekara bakwai da suka wuce ke nan. Chelsea, wadda ta tara taurari irin su shi da Alex Jackson ba ta ci komai ba, ta sallama shi ga Derby a kan fam 2,750. Mafi kusa da suka je shi ne wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1932, inda Newcastle ta fitar da su 2-1, kuma ɗayar tasu shi ya ci.

Daga nan farashin ya yi ta sauka, ƙwallayen ba su daina shiga ba. Derby ta zo ta biyu a lig a 1935-36. Notts County ta saye shi fam 2,000 ya ci mata 32 a wasa 45, Grimsby Town fam 1,000, sai Gateshead a 1938 a kan fam 500, ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku, tsallaken kogin Tyne daga Newcastle. Ya yi murna da wannan komawar, don can ya ɗauka gida. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Satumban 1939, aka dakatar da lig, wasansa ya ƙare yana da shekara 36 da ƙwallo sama da 400.

Babu fansho, babu aikin koci. Ya yi aikin masana'anta da na leburanci a Gateshead, ya taɓa rubuta sharhin wasanni a jarida, bakin nan nasa ya sa aka hana shi shiga St James' Park na wani lokaci. Yakan fito wasannin tara kuɗin taimako, mutane su cika wurin don su gan shi. Matarsa ta rasu da ciwon zuciya a ƙarshen 1950, ta bar shi da 'ya'ya maza uku, kuma waɗanda suka san shi sun ce daga nan bai sake komawa daidai ba.

A watan Mayu na 1957 faɗa ya haɗa shi da autansa, ɗan shekara 14. Cikin fushi ya jefa farantin tokar taba, ya sami yaron a ka, jini ya fita. Maganar ta kai ga hukuma, aka ɗauke yaron daga gidan, aka sa ranar 12 ga Yuni ya bayyana a kotun majistare ta Gateshead kan zargin cin zarafin ɗansa. Makonnin da suka biyo baya an riƙa ganinsa yana yawo a titi shi kaɗai, ana gaishe shi ba ya amsawa. Ranar 11 ga Yuni, kwana ɗaya kafin zaman kotun, ya tafi layin dogo a Low Fell ya shiga gaban jirgin ƙasa. Shekararsa 54. 'Ya'yansa, har da autan, sun yi shekaru bayan haka suna gaya wa duk mai tambaya cewa uba ne mai kula da su, kuma abin da ya faru a ranar bai kai yadda aka kambama shi ba.

Da Skotland ta buɗe zauren karrama gwarzayen ƙwallonta a Hampden a 2004, yana cikin mutum ashirin na farko da aka sa, tare da McGrory da Law da Dalglish da ɗan garinsu Busby. In ɗan adawar nan ya sake tare ka da maganar 1927, ka tambaye shi ko a ƙungiyarsa akwai wanda aka taɓa sayarwa, ya dawo a rigar wasu, mutum 68,386 suka bar aiki ranar Laraba suka zo kallonsa.